Siririyar Tayar Da Ta Hana Ni Jana'izar Aminina

A lokacin ni malamin firamare ne da ya yi ritaya a Kankia. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse birni, gida ya yi mini faɗi. Mutum ɗaya ya rage mini, aminina tun na ƙuruciya, manomi a wani ƙauye kusa da Yashe. Don in riƙa kai masa ziyara na sayi keken tsere na gwanjo mai siririyar taya. A kan kwalta ba a magana, amma da na sauka hanyar gona sai duk gaɓoɓina su amsa. Ya sha tsokanata, wai tsoho da ni na hau abin da tayarsa ba ta kai yatsa kauri ba. Ni kuwa sai in ce masa hassada ce ke damunsa.

Wata safiya bayan kaka aka kira ni a waya, aka ce Allah ya yi masa rasuwa, jana'iza da hantsi. Kun san ba a ajiye gawa don kowa. Maimakon in nemi mai babur, sai na hau keken na yanke ta gonaki, wai ni na san hanya. Na manta lokacin ne ake sakin shanu su ci kara, suna jan ƙayar shinge suna watsawa a kan turba. Ban yi nisa ba tayar baya ta sace. Na ba ta iska, na ɗan ƙara gaba, ta gaba ma ta bi sahu. Babu mai faci, babu ko mai wucewa. Haka na riƙa tura keken cikin rairayi, ina kuka, ina roƙon Allah su ɗan jinkirta.

Da na isa, mutane na dawowa daga maƙabarta. Ƙaninsa ya riƙe hannuna, ya ce sun yi ta duban hanya har liman ya ce jiran ya isa. Ni kaɗai na je na tsaya a kan ɗanyen kabarin na yi masa addu'a.

Masu keke, musamman tsofaffi irina, ku zaɓi taya don hanyar da kuke bi, ba don kyan gani ba. Ku nemi mai faɗi, mai kaurin roba; ta fi sauƙi ga jiki, ta fi jure ƙaya. Irinta na sa daga baya, har yau ba ta taɓa sacewa ba. Sai dai keken yana nan jingine a zaure, don ba ni da wurin zuwa.