Jinin Ƙanena a Kan Gilashi

Warin maganin nan da ake goga wa yatsa kafin a soka allura shi ya tayar min da abin yau, da na kai ɗana asibiti da zazzaɓi. Har yanzu raina bai kwanta ba, sai ku yi haƙuri da ni.

Shekarar da aka sami mulkin kai muna garin Shamaki. Lokacin cirar gyaɗa ƙanena ya kwanta, jiki kamar garwashi. Inna ta goya shi, ina riƙe da gefen zaninta, muka tafi asibiti ba da sanin Baffa ba, yayan babanmu, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar Baba. Malamin asibiti ya shafa ɗigon jinin a gilashi, ya rina shi, ya ce mu leƙa ta madubinsa mai ƙara girman abu.

Ya ce fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta, a ɓargo ake haifarsu. Cibiyar kowacce a dunƙule take farawa, sai ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, in ta nuna ta tsuke gida-gida kamar gyaɗa mai 'ya'ya uku. Na ƙanena kusan duk a lanƙwashe suke.

"Jikin ya matsu, ɗanyu yake turowa," in ji shi. "Ku riƙa kawo shi allura kullum. Kada a ɗebe masa jini."

Baffa ya ji labari. Ya ce tun kaka da kakanni ƙaho ke fitar da mugun jini, kuma mace ba za ta koya masa riƙon gida ba. Aka hana Inna fita, aka kira wanzami. Ina tsaye aka juye jinin a rami bayan rumbu, da 'yan ɗanyun nan da ba su ko kai ga tsukewa ba. Ba a gama ɓarar gyaɗa ba aka kai ƙanena makwancinsa. Aka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda. Amma har Baffa ya bar duniya gaisuwata gare shi a baki ta tsaya.

Yanzu kuɗin man fetur ya shigo, kowa da rediyonsa da babur, ƙahon kuwa yana nan inda yake. Ina dawowa ɗazu na tarar surukata ta zaunar da wanzami a zaure. Na ce ba za a yi wa ɗana ƙaho ba.

"Ke kin fi mu sani ke nan?" in ji ta.

Na durƙusa na ce, "Goggo, ban yi boko ba, amma na leƙa."

Na gyara goyona na shige ɗaki, na sa sakata. Gobe da safe akwai allura.