Malam Bukar da Layin Nguru

Duk wanda ya san Malam Bukar, direban ofishinmu a unguwar Dokki ta Alƙahira, ya san tef ɗin awon nan da yake ratayawa a wuya kamar tela. Ko gaisuwa ya zo gidanka, kafin a kawo shayi ya auna maka falo, ya girgiza kai: "Kai, nan ma ba zai ɗauka ba."

Wai jirgin ƙasa na wasa ya saya, mai batir, shekarar da aka yi juyin juya halin nan na Masar. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a Nguru, shi kuwa ya rantse sai ya shimfiɗa layin Kano zuwa Nguru a ɗan gidan hayarsa na unguwar Faisal, ba tashar da zai tsallake. Ko kwalin jirgin bai yarda ya buɗe ba, sai tsari ya kammala.

Da alli ya zane daɓen gidan kaf. Ran nan na je na samu wuri na zauna, sai ya daka min tsawa: "Haba Malam Habu! Tashi, a kan Ringim kake!"

"To ina zan zauna?"

"Koma Gagarawa, can jirgi ba ya daɗewa."

Shekara guda ta tafi a rigimar alƙibla, don layin ya bi ta gaban dardumarsa. Na ce, "Ma'alish, ba komai, ai jirgin roba ne." Ya ce, "Da fasinja a ciki fa! Su ratsa gaban mai sallah, alhakin a wuyan wa?" Har unguwar Darrasa ya je ya tambayi ɗaliban addini. Suka ce babu laifi, ya dawo ya ce yara ne, ya goge ya sake zane.

Da ya gyara, sai Nguru ta faɗa kicin. Matarsa Hajiya Falmata ta tare ƙofa da ludayi: "Khalas, ya isa haka, Malam! Jirginka ya tsaya Birniwa, sauran su ƙarasa da ƙafa."

"Ni ɗan Nguru in sauka a Birniwa? Allah ya kiyaye!"

Bai kai ba kuwa. A nan Alƙahira ciwo ya ɗauke shi, a nan muka binne shi. Bayan an share makoki Hajiya ta miƙo min kwalin, muka buɗe. Jama'a! Layin dogon duka-duka ɗan zobe ne, bai fi faifai ba. Na yi dariya har hawaye, daga nan kukan gaske ya ƙwace min.

Ta ce, "Ya sani fa, ga hoton a jikin kwali. Cewa yake jirgin da ke zagaya wuri ɗaya ba ya kai mutum gida."

Sai ta ɗauka ta shiga kicin, ta janye tukunyar gas, ta haɗa shi daidai inda ya rubuta Nguru, ta kunna.

Allah ya jiƙan Malam Bukar, ya yalwata masa kabarinsa fiye da duk abin da tef ɗinsa ya taɓa aunawa, ya sauke shi gida lafiya. Amin.