Kwanon Babana da Taswirar Sinai

Komai zan manta a rayuwa, ban da ranar da kakata ta titsiye ni a kan taswirar Sinai.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Maiduguri, ina karanta ilimin ƙasa. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ni da neman suna sai na ɗauko hanyar da Bani Isra'ila suka bi bayan fitowarsu daga Masar. Wani abokina Kirista, ɗan kudancin Borno, ya ara mini littafinsu inda aka jera zangunan da suka yada, ni kuma ina gwadawa da abin da malaman tafsiri suka faɗa. A tsakar gidanmu na Hausari nake baza taswirar, in danne gefenta da duwatsu, ina laluben inda rijiyoyi suke.

Mahaifina ya tafi Makka ta ƙasa tun ina ciki, ya bi ta Chadi da Sudan, shiru har yau. Tun daga nan mahaifiyarsa, wato kakar tawa, kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe, gari na wayewa ta bayar sadaka. Babu mai iya ce mata ya rasu. Ga hawan jini, likita ya ja mana kunne kada a tayar mata da hankali.

Wata rana ta leƙo ta ce, "Maigida, filin da za ka gina mini ne kake aunawa?"

Ni da bakina na ja wa kaina. Na hau yi mata burga cewa dajin da mutanen Annabi Musa suka yi shekara arba'in suna yawo ne. Sai ta durƙusa. Ta tambaya ko gabas yake, na ce e. Ta ce ina Makka, na nuna mata, a takarda bai fi taƙi ɗaya ba. Nan take na ga abin da ta ƙulla a ranta, wato ɗanta ma can ya ɓace.

Daga ranar kullum tana gefena tana tambayar inda na kai. Har maƙwabta ta gaya wa cewa mijinta na neman ubansa a takarda. Ni kuwa na san hanyar Sudan ba ta ko kusa da Sinai. Abinci ya daina shiga mini. Na yi niyyar mayar da taswirar makaranta, ashe ta riga ni, a ƙarƙashin katifarta take kwana.

Ranar da nake gudu ta zo bayan la'asar. Ta dafa taswirar ta ce, "Waɗanda suka ɓace ɗin, sun fito?"

Gwaggona da muke gida ɗaya tana bayanta tana ƙifta mini ido in ce e. Ina tsoron kashe tsohuwa, ina kuma tsoron yi wa labarin annabi ƙarya.

Na ce, "Kaka, manyan da suka shiga yawancinsu can suka rasu. 'Ya'yansu ne suka fito."

Ni dai ƙirjinta nake kallo, ina jiran ta faɗi. Ta daɗe tana shafa takardar, sannan ta ɗago ta zuba mini ido kamar yau ta fara ganina. Ta dafa bango ta shige ɗaki.

Bayan magariba ta fito da kwanon, ta ajiye a gabana, ta buɗe da hannunta.

"Ci," in ji ta. "Tuwon nan ya daɗe yana jira."

Ina ci ina hawaye, tana yi mini tsiya wai miji ba ya kuka gaban matarsa.

Binciken dai ban gano takamaiman hanyar ba, masana ma ba su daidaita a kanta ba. Amma ranar na koyi cewa tsofaffin da muke ɓoye wa gaskiya don tausayi, sau da yawa sun daɗe da saninta. Jira suke wani nasu ya yi ƙarfin halin faɗa.