Gonar Acha a Kalanda

Hoton da ya fi kowanne kyau cikin waɗanda na ɗauka a rayuwata, ba na ƙaunar ganinsa. 

A lokacin ina da ɗan shagon hoto kusa da kasuwar Taminus a Jos, ban daɗe da gama koyon aiki wurin wani Bayarabe ba. Ina da kyamara mai ƙafa uku, da baƙin ƙyallen lulluɓa kai, da girman kan da ya fi shagon faɗi. Aikina bai wuce hoton ango da amarya da na masu neman aikin jirgin ƙasa ba, ni kuwa gani nake na wuce nan. Rannan sai ga akawun wani kamfanin kuza, ya ce ogansa Bature na neman hoton gona mai kyau da za a sa a kalandar kamfani. Kada ramin kuza ya fito, kada tulin jar ƙasa ya fito. Za a kuma rubuta sunan shagona a ƙasan hoton. Bai rufe baki ba na ce na san gonar.

Gonar ƙawar innata ce. Sun yi shekara da shekaru suna zama kusa da juna a kasuwar Laranto, inna na sayar da daddawa, ita tana sayar da acha da gwaza. Kirista ce, 'yar wani ƙauye a bayan duwatsu, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki uku. Duk kaka, ƙwaryar farko ta sabuwar acha gidanmu take kawowa. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗana.

Duk wanda ya tashi a Jos ya san halin acha. In ta nuna, a yanke ta nan da nan, in ba haka ba ta zube, kuma ƙwayarta ba ta kai tsakuwar yashi ba balle a ce za a tsince. Shi ya sa ake yi mata gayya, kowane gida da ranarsa. Ranar gayyar Mama kuwa Laraba ce. Bature kuwa ya ce sai Asabar yake da sukuni, kuma da idonsa yake son ganin an ɗauka. Ni na san duk wannan. Ba zan ce ban sani ba.

Ran Litinin na hau keke na same ta tana wasa lauje a bakin shingen ƙerana. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗana, acha ya nuna," ta ce. "Na riga na jiƙa dawa na kunu, mutane sun sani Laraba ne."

"Kwana uku ne kawai, Mama. Gonarki za ta shiga kowane ofis a garin nan."

"Ofis zai ba jikokina abinci?"

Na yi dariya kamar wasa take yi. Na yi ta zuba, na kawo wannan na kawo wancan, har na ce ai na riga na ba Bature alkawari, in ta ƙi ni zan ji kunya. Nan na kama ta, kuma da gangan na yi. Ta daɗe tana duban gonar, sannan ta ce, "To, saboda mamanka."

Asabar suka zo da mota, Bature da matarsa da wani ƙaton kare. Kafin in kafa kyamara karen ya faɗa cikin gona yana korar tsuntsaye, su kuma suna tafa masa. Duk inda ya ratsa sai ka ji shaaa, acha na zuba ƙasa. Bature ya ce daga gefe ba za ta yi kyau ba, in shiga tsakiya. Na shiga, da takalmana da ƙafafun kyamara uku, ina ji tana zuba a kan ƙafata. Sai kuma ya ce a jira gajimare ya matsa daga kan dutse. Suka shimfiɗa ƙyalle suna cin burodi, muka yi ta jiran gajimare har rana ta karkata. Daga ƙarshe ya ce a sa tsohuwar ta tsaya da laujenta, ta sunkuya kamar tana yanka, amma kada ta yanka, kuma ta yi murmushi. Ni na fassara mata. Da bakina na ce, "Mama, ɗan yi dariya."

Ta yi. Tir da ni.

Lahadi suna coci, ba a taɓa lauje. Gayya kuwa ta riga ta wuce zuwa gidajen da ke bi mata, sai an gama da kowa a dawo kanta. Litinin ta shiga ita da jikokin suka yanki abin da suka iya. Talata da yamma aka yi ruwa da ƙanƙara. Ina cikin shago ina wanke hoton, ina jin ƙarar ƙanƙarar a kan kwano, na kuma san inda take sauka.

Hoton ya fito yadda ba a zato. Daga baya kalandar ta shiga ofisoshi da kantuna, har daga unguwar Kwango-Rasha ake zuwa nemana, ana ta yaba mini, ni kuwa kowane yabo kamar an ɗura mini ruwan kwata. Amma wannan duk daga baya ne. A makon nan kunya ba ta gama kama ni ba tukuna, don da Mama ta zo gidanmu har na iya ɗauko hoton na miƙa mata.

Ta zo ne da ƙwaryarta kamar kowace shekara, sai dai 'yar ƙarama ce, ko rabi ba ta cika ba. Ta karɓi hoton da hannu biyu ta ƙura masa ido. Ta sa yatsa ta shafa gonar.

"Ashe haka ya yi kyau," ta ce. "A nan ciki bai zube ba."

Ta mayar mini, ta yi sallama da inna ta tafi.  Inna ta leƙa ƙwaryar, ta damƙo kaɗan ta murza a tafin hannu, ta gane sharo ta aka yi daga ƙasa. Ita da take wanke acha sau bakwai tana rairaye yashi, ran nan ɗauraya ɗaya ta yi mata ta tuƙa tuwo. Ta ajiye mini a gaba, ta ja kujera ta zauna tana kallona.

"Cinye shi duka," ta ce. "Abin da ka bar wa yaran nan ke nan su ci har wata kakar."

Na ci, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙorana, har na suɗe kwanon. Tun daga ranar ban sake iya haɗiye acha ba, komai wankin da aka yi mata.