Tsumman da Kaka Falmata Take Ɗaura wa Kuɓewa

Bana shekara hamsin ke nan da muka rufe Kaka Falmata a Gure, kuma da zan iya ɓoye mata labarin gidanmu na yau, wallahi da na ɓoye.

Da aure ya kawo ta daga Kelle, ta zo da ƙaramar gora cike da toka, a cikin tokar akwai irin kuɓewar uwarta. Lambunta bai wuce faɗin tabarma biyu ba, daidai inda ake alwala, don kada ɗigon ruwa ya tafi a banza. A nan ta koya mini komai ina yarinya. Ki haƙa gurbi a yashin, ki zuba tsohon kashin awaki, sabo ƙona shuka yake. Ki jiƙa iri ya kwana, uku a rami. Ban ruwa da safe ko da la'asar, ban da ruwan sabulu. Ki kewaye da ƙaya, ki barbaɗa toka a ganye saboda ƙwari.

Doka ɗaya ce ba ta wasa da ita. Kuɓewar da ta fara fita, wadda ta fi kyau, sai ta yagi bakin zaninta ta ɗaura mata. Wannan ta iri ce, za ta bushe a jikin uwarta. Shekarar da fara ta cinye gero muna cin dusa, na miƙa hannu ga mai tsumma. Ta buge ni, ita ma tana hawaye. "Hadiza, in kin ci wannan yau, baɗi me za ki ci?" Da irin nan rabin unguwa suka sake shuka da damina.

Ni na riƙe gorar bayan rasuwarta, kowace shekara ina ɗaura tsumma. Bara ciwon ƙafa ya kwantar da ni wata biyu a Damagaram. Na dawo na tarar ɗana Musa, mushen lakwal guda, wato malamin makaranta, ya yi baƙi, an tsinke masu tsumma an yi miya da su. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Inna, iri fa ga shi nan a kanti cikin leda." Na gwada na ledar. Kwana uku na zafin Gure ya ishe shi ya langaɓe. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a gidanmu ya yi. Abin da yunwa ba ta sa mun ci ba, ƙoshi ya cinye, har ana yaba daɗin miyar. Tir!

Me Kaka za ta ce? Ina jin za ta dubi tukunyar ne ta tofar da yawu.

Na zazzage tokar gorar a faifai, na samu ƙwaya bakwai. Biyu suka tsiro. Jiya ɗaya ta fitar da ɗa, na yagi bakin zanina na ɗaura masa. Iyakar abin da ya rage na Kaka a duniya ke nan, Allah Ya jiƙanta. Na jawo tabarmata kusa, sandata a hannu. Kaka awaki take kora, ni 'ya'yan cikina nake gadi.