Malam Idi da allurar motar babana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iso mini cewa Malam Idi, mai gyaran wutar mota a Ƙonni, ya rasu bayan jinyar kwana huɗu.

Ina cikin waɗanda suka zarge shi. Dalilin rubutun nan ke nan.

Babana, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yana da mota da ta girme ni, mai batir bolt shida. Irin batirin ya ɓace a kasuwa, sai muka kai wa Malam Idi ya mayar da ita bolt goma sha biyu. Ya canza ƙwayayen fitila da dinamo cikin kwana biyu. Agogon mai da na zafin inji kuwa, cire su ya yi daga tablo, allon gaban direba, ya riƙe. Ya ce in aka sa musu sabuwar wuta kai tsaye, siririyar wayar cikinsu za ta ƙone.

Sati uku suna hannunsa.

Wani ya raɗa mini cewa masu sayen tsofaffin kayan mota suna zuwa daga tsallaken iyaka neman irinsu. Na riga na ɗauki hoton lambar da ke bayan kowane agogo, halin aikin jarida. Amma a majalisarmu na faɗa wa mutum uku cewa ina jin an yi mana musanya.

Da ya mayar da su, zargina ya ƙaru. Allura tana nuna mai ya ƙare, na zura kara a tanki na tarar da kusan kwata.

Na je garejinsa ran Juma'ar da ta wuce, da hoton a waya. Ya ba ni kujerarsa, ya zauna kan taya, kamar yadda ya saba. Ya kwance agogon ya juya bayansa. Lamba ɗaya ce da ta hoton. Ya nuna mini ɗan ƙarfen da ya liƙa don rage ƙarfin wutar, ya ce jiransa ya yi daga Sakkwato.

Na ce to allurar fa?

Ya ce: "Ɗana, da gangan na yi. Babanka Malam bai shan mai sai allura ta kwanta. Sau biyu ina kai mishi jarka hanyar Badaguishiri. Yanzu ya tsuhwa, bai iya tsayuwar rana."

Ban yarda nan take ba. Na ɗauka kuskuren awo ne yake rufewa da labari. Ya ce in kawo motar ran Litinin ya daidaita ta yadda nake so. Ban je ba.

Yau da na kai wa babana labarin rasuwar, na tambaye shi zancen jarka. Ya ce sau uku ne, na ukun a Tajaye, kuma Idi ya roƙe shi kada ya faɗa a gida don kada mu hana shi tuƙi.

Ko da gangan ya karkatar da allurar, ko kuskure ne, ba ni da sauran wanda zan tambaya. Abin da na tabbatar shi ne bai musanya komai ba. Na ga lambar da idona tun Juma'a, kuma ban koma majalisa na gyara maganata ba.

Ku ukun nan, da duk wanda kuka faɗa wa, na janye ta a nan.

Allah ya gafarta wa Malam Idi, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri, ni kuma ya yafe mini abin da na faɗa a kansa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.