Darasin Turanci a Gaban Kaskon Awara

Tun ina ƙarama muryata ba ta zuwa nesa. A gida an saba, idan na buɗe baki sai a matso kusa. Ban taɓa ɗaukar hakan aibu ba, domin yawancin abin da ke raina a takarda nake faɗarsa, cikin 'yan waƙoƙin da nake rubutawa ina ɓoyewa. Sai da kwalejin ilimi ta turo ni koyarwar gwaji a wata sakandaren 'yan mata a garinmu, Jibiya, na gane akwai matsala.

Malamin da ke zuwa duba mu ya zauna a bencin baya har na gama darasi. Da muka fito ya ce, "Malama, rubutunki a allo ya yi kyau. Amma ni leɓɓanki kawai na ga suna motsi." Ya ce zai sake dawowa, idan 'yan baya ba su ji ni ba, sai dai in maimaita shekara. Darasin da zai tarar da ni a kai shi ne na aikatau a Turanci: waɗanda ake sa wa "to" kafin su, da waɗanda ake liƙa wa "ing" a wutsiya. Na san shi ciki da bai. Isar da shi bayan aji ne ya gagare ni.

Gwaggo, yayar mahaifina, awara take soyawa a bakin iyaka, wajen Magama, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran a duba kayansu. A bakin innata ta ji labari. Ba ta yi mini jaje ba, cewa kawai ta yi, "Gobe ki ɗauko littafin naki ki biyo ni."

Wurin ba a jin kunne. Injuna suna ruri, 'yan acaɓa suna ta hon, mai yana ƙara a kasko. Ta tsayar da ni a gefenta ta ce in fara darasin. Na fara.

"Mi kika ce?"

Na sake faɗa.

"Ke ɗiyata, kaskon kike ma raɗa, ko ni?"

"Gwaggo, kunya nake ji."

"Kunyar wa? Waɗannan direbobin Maraɗi? Gobe ma ba su tuna fuskarki."

Sai na rufe ido na ƙwala ihu, har na sarƙe da tari. Ta yi dariya, ta miƙo mini ruwa a moɗa.

"Ban ce ki yi ihu ba, ihu maƙogwaro yaka ci. Ga wancan mai jan rawani bisa kamiyo. Shi kaɗai za ki yi ma magana, ki mance da sauran." Ta dafa cikina da hannunta mai ɗumi. "Daga nan taka fitowa."

Na dubi mutumin. Yana can saman kayan wata babbar mota yana ɗaure igiya, bayansa sararin Nijar shimfiɗe fari fat. Na ja numfashi, na aika masa: "I enjoy reading. I want to read."

Ya waiwayo. Wallahi ya waiwayo.

"Hajiya," ya kira Gwaggo, "sabon abinci anka kawo?"

"Karatu ne, kai da ko ƙofar lakwal ba ka sani ba, balle aji!"

"To a zuba mani shi da yaji! Madam, sake faɗi in ji."

Na sake. Ya maimaita yadda harshensa ya iya, abokansa suna yi masa tsiya. Ni ma na tsinci kaina ina dariya, ina gyara masa daga nesa.

Na ci gaba da zuwa kullum bayan la'asar. Kowace rana Gwaggo ta zaɓo mini mutum, yau mai shayi, gobe wata mai tallan dabino a tsallaken titi. Littafina ya cika da ɗigon mai, hijabina kuwa ƙamshin awara ya ƙi barinsa.

Ranar da malamin ya dawo, na tsaya gaban allo na dubi bayan aji. A layin ƙarshe, kusa da taga, akwai wata yarinya da ta saba kifa kai a benci. Ita na zaɓa. Na yi mata bayanin aikatau masu son "to" da masu son "ing" kamar mu biyu ne kawai a ɗakin. Ta ɗago. Can sai ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko "like" yana karɓar duka biyun. Na ce yana karɓa, ta kawo misali da kanta.

Ina cikin rubuta misalinta a allo aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malamar ajin da ke maƙwabtaka da mu ce ta leƙo.

"Malama, don Allah a ɗan rage murya, muna gwaji."

Aji ya kwashe da dariya. Malamin da ke bencin baya ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza, ya zaro biro ya sa mini hannu.